Yadda Ake Auna Nauyin Mai Bincike a Fannin Ciwon Ƙashi da Gaɓoɓi

Cikin hunturun da ya wuce, lokacin da sanyin Jos ke hana tsofaffi miƙe gwiwa da asuba, wata ƙaramar likita ta same ni ɗauke da sunayen farfesoshi biyu a takarda. Digiri na uku take son yi a kan mutuwar kan ƙashin kwatangwalo ga masu ciwon sikila, tana neman wanda za ta yi karatu a ƙarƙashinsa. Ta ce, "Yallaɓai, ai magana ta ƙare. Wannan wasu masu bincike sun ambaci ayyukansa a rubuce-rubucensu ninki goma na wancan." Na ce, "Dakta, zauna tukuna. A cikin ayyukan nasa wanne kika karanta?" Ta yi shiru.

Abin da muka yi da ita a wannan yammaci shi ne zan shimfiɗa a nan, don amfanin ɗalibi mai neman malami, da ɗan kwamitin da aka ba takardun ƙarin girma ya duba, da ɗan jarida mai son gayyato masani. Yammaci ɗaya da intanet mai ɗan dama-dama sun isa.

Mataki na farko: tabbatar da mutumin

Wannan shi ake rainawa, shi kuma yake kayar da mutane. Sunayenmu suna maimaituwa. Rubuta suna irin Ibrahim ko Musa da harafi ɗaya a PubMed, ka ga likitan ido da masanin tsirrai da likitan dabbobi sun fito a jere kamar mutum guda. Ga wanda yau ya rubuta Muhammad, gobe Mohammed. Ga matan da suka sauya suna bayan aure. Saboda haka ka fara neman lambarsa ta ORCID, lamba ce mai harufa 16 da aka fara bayarwa a 2012, ba mutum biyu da ke da iri ɗaya. In babu, haɗa sunan da garin da yake aiki da kalmar ƙashi ko gaɓa cikin Turanci.

Buɗe wurare uku. PubMed na ɗakin karatun likitanci na gwamnatin Amurka ne, kyauta, kuma yana tace abin da yake ɗauka. Google Scholar yana kwasar komai, tsaba da tsakuwa, amma shi ke nuna yawan ambato ba da kuɗi ba. Na ukun AJOL ne, taskar mujallun Afirka, domin aikin likitocinmu da yawa yana can, PubMed bai san da shi ba. In jami'arka tana biyan kuɗin Scopus, wata taskar maƙalu mai ƙirga ambato, ƙara da shi.

Mataki na biyu: sheƙe jerin

Kwafe maƙalun a takarda ko kwamfuta, ka kasa su. Aikin da mutum ya tattara bayanansa da hannunsa, a ɗakin gwaji ko gefen gadon majinyaci, shi ne tsaba. Sharhin ayyukan wasu daban, rahoton majinyaci ɗaya daban, wasiƙa ga edita daban. Sharhi yana jan ambato da yawa domin kowa yana kafa hujja da shi a gabatarwa, amma ba sabon ilimi ya kawo ba.

Sai ka dubi gurbin sunansa. A al'adar binciken lafiya, na farko shi ya yi wahalar aikin, na ƙarshe galibi shi ne uban tafiya mai ɗakin gwaji ko mai kawo kuɗi, na tsakiya kuma gudummawarsu tana iya zama babba, tana iya zama ta "a sa ni a ciki". Matashi mai ƙwazo za ka gan shi a farko sau da yawa. Farfesa kuwa ya kamata a ce ya koma ƙarshe, ɗalibansa na gaba. In ka ga dattijo har yanzu shi ne na farko a komai, ka tambayi kanka ina yaransa suke.

A nan ne farfesan likitar tamu na farko ya fara raguwa. Mafi yawan ambatonsa daga manyan rahotannin nauyin cututtuka na duniya ya fito, waɗanda mujallar likitanci ta The Lancet ke bugawa da sunayen ɗaruruwan mutane. Shiga irin wannan aiki ba laifi ba ne. Sai dai ambaton da aka yi wa taron mutum ɗari biyar ba za a ɗora wa mutum ɗaya shi a matsayin nasa ba. Ware su gefe, ka ƙirga sauran.

Mataki na uku: lambobin, da iyakarsu

Ma'aunin h shi ne wanda kowa ke faɗa. Wani masanin kimiyyar fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro shi a 2005. Lissafinsa mai sauƙi ne: idan mutum yana da maƙala 15 da aka ambaci kowace aƙalla sau 15, ma'auninsa 15 ne. Amfaninsa shi ne maƙala ɗaya da ta yi tashe ba ta isa ta ɗaga shi ba, tarin maƙalun da ba mai karantawa ma ba su isa ba. Illarsa kuma ba ya sauka, yana tafiya da shekaru, don haka gwada mai shekara 35 da mai shekara 65 da shi zalunci ne. Na Google Scholar kusan kullum ya fi na Scopus yawa, kada ka haɗa na wannan da na wancan.

Abu biyu za ka kiyaye a fannin ƙashi. Na ɗaya, masu binciken ƙashi ba su kai masu binciken daji ko zuciya yawa ba, masu ambaton ma kaɗan ne. Na biyu, ƙashi ba ya gaggawa. Kusan kashi 10 cikin 100 na ƙashin baligi ke sabuntuwa a shekara, kuma gwajin maganin hana karaya yakan ci shekara uku kafin a ga sakamako. Ka gwada mutum da tsararsa a fanninsa. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna iCite ta cibiyoyin lafiya na Amurka, tana ba kowace maƙalar PubMed maki gwargwadon takwarorinta: 1.0 shi ne matsakaici, 2.0 ninki biyu.

Buɗe jerin waɗanda suka ambaci maƙalarsa mafi shahara, ka ga su wane ne. In shi da abokansa uku ne ke ta ambaton juna, gidan kowa da akwai, to lambar kumfa ce.

Shi kuwa makin mujalla, wanda Eugene Garfield ya assasa, matsakaicin ambaton maƙalun mujalla ne na shekara biyu. Mujallar yake aunawa. A 2012 wasu editoci da masana suka tsara sanarwar San Faransisko, wadda ake kira DORA, suna cewa a daina auna mutum ɗaya da makin mujallar da ya buga a ciki. Ina tare da su, duk da cewa kwamitocinmu na ƙarin girma har yau sun fi son abin da za a tara a kalkuleta. Amma sanin manyan mujallun fannin yana da amfani: Journal of Bone and Mineral Research, Bone, Osteoporosis International, Osteoarthritis and Cartilage, Annals of the Rheumatic Diseases. Wanda ya ce shi masanin ilimin ƙwayoyin ƙashi ne, shekara ashirin bai taɓa leƙa ɗaya daga cikin irin waɗannan ba, akwai tambaya.

Mataki na huɗu: mujallun 'yan damfara

Akwai mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin kwanaki, ba mai dubawa. Wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana jera sunayensu kafin ya rufe jerin a Janairun 2017. Alamunsu: suna mai kama da na babbar mujalla, adireshin da ba a gane ƙasarsa, wasiƙun roƙo a imel, da mujalla guda mai buga aikin tiyata da noman rogo a fitowa ɗaya. Nemi sunan mujallar a DOAJ da kundin mujallun MEDLINE, jeri biyu ne da ake tantance mujalla kafin a sa ta. Maƙala ɗaya ko biyu a irin wannan wuri a farkon aiki, na kan yi uzuri, kusan dukkanmu matsin ƙarin girma ya taɓa ruɗa mu. Rabin jeri kuwa hali ne.

Kada ka haɗa su da mujallunmu na gida na gaskiya. Mujallar ƙungiyar likitoci da ke da editoci sanannu, tana aika aiki a duba a dawo da gyara, mujalla ce ko da ba ta da maki.

Mataki na biyar: an taɓa janye masa aiki?

Fannin ƙashi yana da tabo a nan. Wani likita ɗan Japan, Yoshihiro Sato, ya buga gwaje-gwaje masu yawa da ke cewa bitamin D da bitamin K da wasu magunguna suna rage karayar kwatangwalo ƙwarai ga masu shanyewar ɓarin jiki da masu cutar makyarkyata. An yi ta ambatonsa, alƙalumansa suka shiga lissafin da ake gina ƙa'idojin magani a kai. Mutum huɗu ne suka ƙi yarda: Alison Avenell a Sikotilan, da Mark Bolland, Andrew Grey da Greg Gamble a Niyu Zilan. A 2016 suka buga nazarin gwaje-gwajensa 33 a mujallar Neurology, suka nuna rukunin majinyatansa sun yi kama da juna fiye da yadda ƙaddara za ta iya haɗawa. Maƙalun da aka janye masu sunansa sun haura 100. Da ma'aunin h kaɗai aka bi, da har yau gwani ne.

Rubuta sunan mutuminka a Retraction Watch, taskar maƙalun da aka janye, sannan a PubPeer inda masana ke nuna hotunan da aka maimaita da lissafin da bai hau ba. Ka karanta dalilin janyewa. Wanda ya gano kuskurensa ya nemi a janye da kansa, wannan ƙarin daraja ne a wurina.

Mataki na shida: zaɓi uku ka karanta

Ɗauki wadda aka fi ambato a cikin nasa na kansa, da ta baya-bayan nan, da wadda ta fi kusa da abin da kake so. Fara da sashen hanyoyin aiki, ka bar taƙaitawar zuwa ƙarshe.

Tambaya ta farko, a jikin wa aka yi? Yawancin ilimin ƙwayoyin ƙashi a ɓera ake samo shi: a cire wa mace ƙwan haihuwa don ƙashinta ya zaizaye kamar na matar da ta daina al'ada, ko a yanke wata jijiya a gwiwa don guringuntsi ya cinye. Aiki ne na gaske, amma ɓera ba ya tsugunno a gona, ba ya ɗaukar buhun dankali daga Farin Gada. Mai bincike na ƙwarai yakan faɗi iyakar abin da ya gano.

Ta biyu, me aka auna? Kaurin ƙashi a na'ura daban, karaya daban. Sinadarin fuloraid ya ƙara kaurin ƙashin baya sosai, amma gwajin da aka buga a 1990 ya nuna bai rage karayar baya ba, karayar sauran gaɓoɓi ma ƙaruwa ta yi. Haka gwiwa: tun 1957 Kellgren da Lawrence suka kasa lalacewarta a hoto daga 0 zuwa 4, amma duk wanda ya zauna a asibiti ya ga tsohuwa mai mummunan hoto tana zuwa kasuwa da ƙafarta, da mai hoto mai kyau da ba ta iya sujada. Duba ko an auna zafi da tafiya.

Ta uku, in gwajin magani ne, an yi masa rajista kafin a fara? Duba ClinicalTrials.gov ko PACTR ta Afirka, ka gwada abin da aka yi alkawarin aunawa da abin da aka buga.

Mataki na bakwai: bi sawun aikin gaba

Duk matakan baya share fage ne, nan ne aikin yake. Ɗauki maƙalar da ta fi ƙarfi, ka danna jerin masu ambatonta, ka nemo abu uku: wani da ba ruwansa da shi ya maimaita ya samu haka? Ta shiga ƙa'idojin magani? Wasu sun ɗauki hanyar aikinsa suna amfani da ita?

Misalin da na ba likitar a garin nan aka yi shi. Akwai cutar da ke lanƙwasa ƙafafun yara, ta mai da su baka ko gwame, wuyan hannu ya kumbura, likitoci suna ce mata riket. Littattafan Turai sun koyar da cewa rashin bitamin D ne, wanda fata ke samarwa daga hasken rana. To yaran Jos fa, da ke wuni a rana? Wani likita Ba'amurke da ya daɗe yana aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, Tom Thacher, tare da Philip Fischer, da John Pettifor na Afirka ta Kudu, da abokan aiki na gida irin su Christian Isichei, suka ɗauki yara 123 masu cutar, suka kasa su uku: masu bitamin D kaɗai, masu kalsiyam miligiram 1,000 a rana, da masu duka biyun, na mako 24. Waɗanda suka samu kalsiyam, shi kaɗai ko haɗe da bitamin, sun fi warkewa. Abincin yaran kuwa kalsiyam ɗin cikinsa kusan miligiram 200 ne a rana, tuwon masara ne ba madara. An buga aikin a New England Journal of Medicine a 1999.

Yanzu bi sawu. Don su auna warkewa, sun tsara makin hoton ƙashi daga 0 zuwa 10, huɗu na wuyan hannu, shida na gwiwa, suka buga shi a 2000. Shekaru bayan haka, da aka zo gwada burosumab, maganin wata riket ta gado da ke zubar da sinadarin fosfet ta fitsari, wannan makin aka yi amfani da shi, kuma Amurka ta amince da maganin a 2018. A 2016 masana daga ƙasashe da dama suka fitar da matsaya ɗaya kan riket ta abinci, suka sa ƙarancin kalsiyam a matsayin sanadi, suka ce yaron da ya wuce shekara ɗaya yana samun ƙasa da miligiram 300 a rana yana cikin haɗari. Su kuma a Jos ba su tsaya ba, har garin kifi da aka niƙa da ƙashinsa sun gwada, don a samu abin da uwa za ta iya saya. Ga tambaya da ta fito daga layin asibiti, ga amsa da ta sauya abin da ake rubuta wa yaro, ga ma'auni da ya yi tafiya har ƙasashen da ba su san inda Filato take ba. Wannan nake nufi da nauyi.

In mutuminka na ɗakin gwaji ne, ka yi masa haƙuri, sawunsa ya fi tsawo. A 1997 aka gano furotin OPG mai hana cin ƙashi, a 1998 aka bayyana furotin RANKL a matsayin mai umartar ƙwayoyin osteokilas su ci ƙashi. Maganin zaizayar ƙashi da ke toshe RANKL, denosumab, sai 2010 aka amince da shi, bayan gwajin shekara uku a kan mata sama da 7,800. Shekara goma sha uku ke nan daga 1997. Ƙwayar halittar sikilerostin, furotin mai taka wa ginin ƙashi burki, kuma a 2001 aka gano ta, ta hanyar nazarin wasu iyalai, galibi Turawan Afirka ta Kudu, masu ƙashi mai kauri fiye da ƙima, maganin zaizayar ƙashi da ke toshe furotin ɗin, romosozumab, sai 2019. Shi kuwa amosanin gwiwa na tsufa, har yau babu maganin da aka amince yana tsayar da cinyewar guringuntsi, don haka kada ka tambayi mai bincikensa ina maganinsa. Tambaye shi su wa ke aiki da abin da ya gano.

Ga namu na gida akwai sawun da kwamfuta ba ta gani. Wanda ya rubuta yawan ƙafafun da ake yankewa bayan ɗaurin mai ɗori ya matse jini, sannan ya zauna da masu ɗorin ya koya musu alamun da za su turo mutum asibiti, ambatonsa ba zai yi yawa ba, don Turai ba ta da wannan matsala. Haka mai aiki kan ruɓar ƙashi ga masu sikila ko tarin fuka na ƙashin baya. Irin wannan sai ka tambayi likitocin fannin: aikin wa kuke amfani da shi a ɗakin tiyata?

Mataki na takwas: tambayi waɗanda suka zauna da shi

Daga jerin maƙalun, fitar da sunayen farko na shekara goma da suka wuce, ka ga inda suke yanzu. Suna bugawa da kansu? Sun samu tallafin TETFund ko na waje? Nemi biyu ka gaishe su, ka tambaya shekara nawa suka yi kafin su gama, kwana nawa babi ke yi a teburinsa, kuma sunan wa ya zo farko a aikinsu. In malamin baƙo ne mai ɗibar jini ko hotuna daga Afirka, duba ko 'yan ƙasar suna fitowa a farko ko ƙarshe, ko kullum a tsakiya aka cusa su.

Daga nan rubuta rabin shafi da hannunka: tambayar da mutumin ya shafe rayuwarsa yana bi, abu ɗaya da aka sani yau saboda shi, wanda ya tabbatar da hakan, da abin da ya ba ka shakka. In ka kasa cika layi na biyu bayan duk wannan bincike, ka samu amsarka.

Likitar tamu ta kasa cika shi ga farfesa na farko. Na biyun, mai ƙaramar lamba, ta tarar yana da maƙalu shida a jere kan kwatangwalon masu sikila, kowace tana ɗorawa a kan ta baya, biyu na ƙarshe ɗalibansa ne a gaba. Ta kira ɗaya daga cikinsu a gabana, suka yi kusan rabin awa. Da ta ajiye waya ta ce, "Yallaɓai, wai yana da tsanani, babi ba ya kwana bakwai bai dawo da jan biro ba." Aka kira magariba, ta tattara takardunta, ta ce in duba mata wasiƙar da za ta aika masa kafin Litinin.